Dutsen Amana Da Aka Kai Gyara A Guangzhou

Akwai wani ɗan Kano mai suna Abdulgafar, mazaunin Guangzhou a ƙasar Sin. Karatu ne ya kai shi, kasuwa ta riƙe shi. Zuwa shekarar 2006 ya shekara takwas a garin yana yi wa 'yan kasuwar gida jagora. Shi zai tarbe ka a filin jirgi, ya samo maka masauki a Sanyuanli, ya kai ka sarin takalma a Zhanxi Lu, ya tsaya a kan kayanka har a rufe kwantena.

Maganar gaskiya, ya iya aikinsa. Sinanci a bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Cutarsa ɗaya ce, bai taɓa yarda akwai abin da wani ya fi shi sani ba.

Ka ce masa baƙin takalmi kake so, ya kawo maka ruwan ƙasa, sannan ya zaunar da kai ya yi maka bayanin dalilin da ya sa ruwan ƙasan kake so. Abin haushin, sau da yawa zaɓin nasa yakan karɓu a kasuwa, sai kan ya ƙara kumbura.

A cikin mutanen da yake yi wa hidima akwai Alhaji Isufu, wani dattijo ɗan Maradi mai sarin takalman mata. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya jayayya da kowa. Duk shekara yakan zo sau biyu, lokacin babban baje kolin da ake yi a Liuhua Lu.

A zuwansa na watan Afrilun shekarar, ranar Litinin da hantsi, ya kira Abdulgafar ɗakinsa na otal. Ya rufe ƙofa, ya jawo jakarsa, ya fito da wani ƙunshi na tsohuwar fata. A cikin fatar akwai saƙi, a cikin saƙin akwai dutse.

Dutsen bai wuce tafin hannu biyu ba. Da ganinsa asalinsa fari ne, amma tsufa da maiƙon hannu sun mayar da shi ruwan toka. An sassaƙa wata fitila a jikinsa, mai rassa bakwai, tsaye a kan ƙafa uku. Rassan sun suɗe, gefe guda kuma ya ɓantare.

Abdulgafar ya yamutsa fuska. "Alhaji, wannan fa? Dutsen guga ka ɗauko tun daga Maradi?"

"Zamna ka jiya," in ji Alhaji Isufu. "Dutsen ga ba namu ba ne. Amana ce."

Ya ba shi labarin kamar yadda ake bayar da shi a gidansu. Kakan mahaifinsa madugu ne, yana kai fatu da gashin jimina Tarabulus ta hamada. A can yana da amini, wani Bayahude ɗan kasuwa. Shekarar da yaƙi ya zo garin, Bayahuden ya ji tsoron kada a fasa gidansa, sai ya ɗauko dutsen nan na kakanninsa ya danƙa wa madugu. Ya ce ya tafi da shi, in ya dawo baɗi ya kawo masa.

Madugu bai sake komawa ba, hanyar ayari ta mutu. Kafin ya rasu ya tara 'ya'yansa ya ce musu ba ruwansu da abin da aka zana a jikin dutsen, nasu tsarewa ne har mai shi ya zo. Haka dutsen ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu kusan shekara ɗari, har ya zauna a adakar Gwaggo Fasuma, yayar mahaifin Alhaji Isufu, wadda ta haura tamanin.

"Wani Bafaranshe mai sayen kayan tarihi ya zo gida har sau biyu," in ji Alhaji Isufu. "Ya ce su Yahudawa menora suka ce ma fitilag ga, kuma masu tara irin duwatsun ga a Turai rububinsu suka yi. Ya ce abin da za ya ba mu ya isa a rushe gidan a sake gini. Gwaggo da muciya ta raka shi ƙofa."

Yadda aka gano mai dutsen ma abin mamaki ne. A baje kolin da ya wuce, Alhaji Isufu ya zauna cin abinci teburi ɗaya da wani tsoho mai suna Eliyahu, haifaffen Tarabulus da ke zaune a Roma, mai sarin jakunkuna. Suka taɓa hira da Larabci. Da tsohon ya ji daga inda ya fito, sai ya ce kakansa ya mutu yana ambaton wani madugun ƙasar Hausa da ya tafi da dutsen gidansu. Ya faɗi sunan madugun. Alhaji Isufu ya ce cokalin da ke hannunsa faɗuwa ya yi.

Shi da tsohon sun yi alkawarin haɗuwa ranar Alhamis ɗin nan. Gwaggo Fasuma kuwa, ranar da za ta ba shi dutsen, sai da ta riƙe hannunsa ta ce kada ya bar jikinsa sai ya sa shi a hannun mai shi, kuma ya kira ta a waya ta ji, don ta samu ta mutu da sauƙin kai.

"Abin da nika so gare ka ƙarami ne," in ji Alhaji Isufu. "Akwati na katako, a shimfiɗa ƙyalle mai laushi ciki. Ga awon nan na ɗauka da zare."

Abdulgafar ya yi dariya. "Alhaji, nan China ce. Ba a aiki da zare, samfur ake kaiwa. Ba ni dutsen su auna da kansu."

"Gwaggo ta ce kar shi bar hannuna."

"Haba Alhaji! Kwantena nawa ka bar min ka hau jirgi? Na taɓa ɓatar maka da ko silifa ɗaya?"

Alhaji Isufu ya dubi dutsen. Gaskiya ne, bai taɓa ba. Ya naɗe dutsen a saƙinsa, ya miƙa da hannu biyu, zuciyarsa ba ta so.

Jama'a, a nan ne abin ya fara lalacewa.

Masu yin akwatin a bayan gari suke. Suka auna dutsen cikin minti biyu suka miƙo masa. Da Abdulgafar ya sa shi a jaka ya juya, da labarin nan bai kai gare ku ba. Amma a jikin shagon akwai masassaƙar duwatsu, inda ake yin zakunan da ake girkewa a ƙofar otal-otal. Komai a wurin sheƙi yake, har kana ganin fuskarka.

Ya dubi zakunan, ya dubi abin da ke hannunsa. Sai ya ji kunya ta kama shi. A ransa ya ce, yanzu wannan ƙazamin abin za a miƙa wa Bature a ce shekara ɗari ana tsaronsa? Ai sai ya ce mutanenmu ko wanke abu ba su iya ba. Alhaji mutumin ƙauye ne, bai san yadda ake fita kunyar baƙo ba.

Ya shiga ya samu mai wurin, wani gajeren mutum mai tabarau. "Lawban," ya ce da shi da Sinanci, wato maigida, "ka mayar min da wannan sabo. A goge shi, a fito da rassan, a cike inda ya ɓantare, a bi zanen da ruwan zinare."

Mai wurin ya juya dutsen, ya ɗan kankare gefensa da farce, ya girgiza kai. Ya ce dutsen tsoho ne ƙwarai, kuma mai laushi ne, inji zai iya fasa shi. Ya ce in da shi ne, zai bar shi yadda yake.

"Ni za ka koya wa aiki?" in ji Abdulgafar. "Shekarata takwas a garin nan. Ka san yadda za ka yi. Ranar Alhamis da safe ina son in ga fuskata a jikinsa."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya karɓa.

Talata da Laraba Alhaji Isufu ya yi ta kira. "Malam Abdul, ina dutsen?" Amsar ɗaya ce kullum: "Yana wuri mai kyau, Alhaji. Kai dai ka shirya yin mamaki." Dattijon ko abincin kirki bai ci ba a kwana biyun nan.

Ranar Alhamis da safe Abdulgafar ya je karɓa. Mai wurin ya fito da dutsen yana walƙiya, ya fara yi masa wani bayani. Abdulgafar na kan waya da wani mai oda daga Kantin Kwari, sai ya ɗaga masa hannu alamar ya isa haka. Ya sa dutsen a sabon akwati, ya ɗaure da jan ƙyalle, ya tari tasi.

Bayan azahar aka haɗu a wani gidan abinci na Musulmin Sin kusa da Liuhua Lu. Tsoho Eliyahu ya riga kowa zuwa. Ya sa kwat ɗinsa mafi kyau duk da zafin da ake yi, ya ƙi taɓa shayin da aka zuba masa.

Kafin akwatin ya iso yake gaya wa Alhaji Isufu cewa a gidansu ana cewa dutsen daga ƙofar wani tsohon wurin ibadarsu aka ciro shi, tun zamanin da ba wanda ya san lissafinsa. Duk yaron da aka haifa a gidan, sai an kama yatsansa an bi rassan nan bakwai da shi. Abin da ya suɗe su ke nan.

"Kakana an bi da yatsansa," ya ce. "Mahaifina bai samu ba, ni ma ban samu ba. Shekarata saba'in da ɗaya. Ba na son komai, in dai sa yatsana inda suka sa nasu."

Sai ga Abdulgafar ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya ajiye akwatin a tsakiyar teburi kamar mai kawo lefe.

Tsohon ya tashi ya je ya wanke hannunsa, ya dawo. Alhaji Isufu ya ɗauki akwatin ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Ga amanarku." Tsohon ya kwance jan ƙyallen, ya ɗaga murfin.



Dutsen na sheƙi kamar tayil ɗin banɗaki. Rassa bakwai sun miƙe cif-cif, kowane da ruwan zinare. Babu ɓantara, babu baƙi, babu alamar hannun ɗan Adam ya taɓa taɓa shi.

Alhaji Isufu ya leƙa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Abdul, wanga mi ne ne?"

"Shi ne, Alhaji," in ji Abdulgafar yana murmushi. "Gyara shi na sa aka yi. Ka ga yadda ya fito? Ban gaya maka ba ne don..."

"Gyara? Wa ya ce maka shi lalace?"

Murmushin ya fara tsinkewa. "To ai na ga ya yi datti ne."

"Datti!" Muryar dattijon da ba a taɓa jin ta ɗaga ba ta cika gidan abincin, har masu cin taliya suka juyo. "Dattin ga shi ne amanar! Hannun mutane ne, kai!"

Tsoho Eliyahu bai ji Hausar ba, amma ba ya bukatar fassara. Ya ɗaga dutsen daga akwatin, ya auna nauyinsa a tafinsa, ya juya bayansa. Fuskarsa ta canza. A hankali ya ce da Larabci, "Kakana ya ce dutsenmu fari ne, mara nauyi, farce yana kama shi. Wannan ba gogewa aka yi ba. Wannan wani dutse ne daban."

Da Alhaji Isufu ya fassara masa, gumi ya keto wa Abdulgafar. Ya rantse shi ne, ya sake rantsewa. Alhaji Isufu ya miƙe ya ce, "Tashi ka kai mu."

Tafiyar kusan awa guda ce a tasi, ana ta yayyafi. 

Mai masassaƙar ya tarbe su da fara'a, a zatonsa sabuwar oda aka kawo masa. Abdulgafar ya tambaye shi ina dutsen da ya kawo ranar Litinin. Mutumin ya yi mamaki. Ya ce ai ya yi masa bayani da safe, shi ne bai saurara ba.

Inji na taɓa dutsen ya dare gida huɗu, ɗaya ma ya zama gari. Da ya ga haka, sai ya yi abin da kowace masana'anta ke yi da samfur: ya haɗa gutsattsarin ya kwafi zanen, ya sassaƙa sabo a dutse mai ƙarfi wanda ya fi na da kyau. Har yana nuna wa tsohon da yatsa yadda aikin ya fita.

"Gutsattsarin fa?" in ji Abdulgafar. "Ina tsohon dutsen?"

"Meyo," in ji mutumin. Babu.

Ya nuna bayan shagon. Duk ranar Laraba mota take zuwa ta kwashe ɓaraguzai a kai inda ake cikon hanya. Wurin a share yake tas, sai ruwan sama da ya kwanta.

Alhaji Isufu ya zauna a kan wani zakin dutse da ba a gama ba, ya dafe kai. Wallahi ko ni da nake rubuta muku wannan, wurin nan yana yi min ciwo.

"Fari ya zo, ba a saida shi ba," yake cewa, kamar da kansa yake magana. "Gobara ta ci ɗaki biyu gidanmu, Gwaggo ta shiga cikin hayaƙi ta jawo adaka. Ya ƙetare hamada bisa raƙumi. Shekara ɗari hannun mutanen da ba su yi boko ba. Kwana uku hannunka, Abdul. Kwana uku."

Abdulgafar, mai amsar kowace tambaya, ya tsaya tsuru-tsuru da akwati a hannu.

Shi kuwa tsoho Eliyahu ya cire kwat ɗinsa ya rataye, ya durƙusa a gaban injin, ya fara laluben ƙasa da hannu cikin jiƙaƙƙen garin dutse. Da mai wurin ya fahimci abin da ya faru, shi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya kashe injuna duka, ya sa aka ɗaga katakon da ke ƙarƙashin injin.

A can cikin kwatar da ruwa ke bi aka samu ɗan guntu, bai fi ƙwallon dabino ba. Gefe ɗaya fari ne sabon karyewa. Ɗaya gefen ruwan toka ne, da ɗan lanƙwasar reshe guda, a suɗe.

Tsohon ya wanke shi a famfo. Ya ɗora a tafin hagunsa, ya sa yatsan dama ya bi ɗan reshen daga farko zuwa inda ya katse. Tafiyar ba ta kai tsawon farce ba. Ya sake bi, hawaye na sauka a gemunsa.

Sannan ya je ya dafa kafaɗar Alhaji Isufu. "Ɗan'uwana, gidanku ya cika alkawari. Ni shaida ne, kuma zan gaya wa jikokina sunan kakanku."

Abdulgafar ya matso yana miƙa akwatin da sabon dutsen. Tsohon ya dube shi, ba tare da faɗa ba, ya ce, "Wannan naka ne. Kai ka yi oda."

Ana cikin haka wayar Alhaji Isufu ta yi ƙara. Ya duba, lambar Maradi ce. Gwaggo Fasuma ta kasa haƙurin jira, ta sa an kira mata.

Ya daɗe yana kallon wayar. Shi ne ya saki dutsen daga hannunsa, ya san wannan, kuma ya san zai faɗa mata da bakinsa in ya koma. Amma sauran labarin ba nasa ba ne. Ya danna, ya kamo hannun Abdulgafar, ya sa masa wayar a ciki.

"Kai ka san komi," ya ce. "Gaya mata."

Abdulgafar ya kai wayar kunne. Daga can nesa ya ji muryar tsohuwa, siririya, cike da murna, ana jin mata a bayanta suna cewa a yi shiru.

"Isufu? Ya amsa? Ya gane abinsu? Ka gaya mishi ko wanke shi ba mu taɓa yi ba, yadda aka ba mu haka muka maido?"

Abdulgafar ya buɗe baki. Hausa ta ƙi zuwa, Sinanci ya ƙi zuwa. Ya durƙushe a cikin caɓin garin dutse da wayar a kunnensa yana kuka, tsohuwar kuma tana ta tambaya ko layin ne ya katse.

Darasi: In aka ba ka amana, aikinka ka mayar da ita yadda aka ba ka, ba yadda kake ganin ta fi kyau ba. Abdulgafar bai yi sata ba, bai yi niyyar cuta ba. Raina sanin wasu ne ya sa ya rushe abin da mutane suka shekara ɗari suna tsarewa don wanda ba addininsu ɗaya ba. Kafin ka gyara abin da ba naka ba, ka tambayi mai shi, kuma in wanda ya san aikin ya ce maka a'a, ka saurara. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san akwai amanar wani a hannunsa yanzu haka.